SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO, UBAN MASU BINCIKEN TARIHIN ƘASAR HAUSA

Duk ɗalibin da ya shiga sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Bayero da ke Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, in ya ƙudura zai rubuta wani abu game da ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, ba zai yi nisa ba sai malaminsa ya tambaye shi ko ya duba Infaƙul Maisuri. An gama rubuta wannan littafi a cikin shekarar 1812, watau fiye da shekara 200 ke nan, amma har yau masana tarihi da na zaman jama'a da na adabin Larabci ba su daina komawa gare shi ba. Mai littafin shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837.

Galibin mutane sun san shi da yaƙi da mulki, da gina birnin Sakkwato da na Wurno. Abin da ba a faye ambata ba shi ne irin hanyar da ya bi wajen neman sanin abu: yakan tambayi wanda ya sani, ya faɗi wurin wanda ya ji, ya ajiye takardar abokin gaba kamar yadda ta zo, har ma ya rubuta laifin mutanensa. Ƙasar Zamfara ta yamma kuwa, inda Maradun da Bakura da Talata Mafara suke, tana da babban rabo a cikin wannan labari.

TASHINSA

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1781, a zamanin Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. A lokacin nan mahaifinsa ya yi shekara shida ko bakwai da fara wa'azi a Ɗegel. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da wansa Muhammadu Sa'adu, da kuma baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ɗora shi a kan nahawu da balaga da sauran fannonin harshen Larabci.

Bello yana yaro ƙarami lokacin da Shehu ya nufi Zamfara da wa'azi, wajen 1786, ya kuwa yi kamar shekara biyar a can. Zamfara ta wannan zamani ƙasa ce da aka karya. Tun wajen 1764 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alkalawa a cikin ƙasar, gidan sarautar Zamfara ya watse yana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin daga baya ya kafu a Anka. Mutanen da ke cikin irin wannan hali su ne suka fi buɗe kunne ga mai wa'azin adalci. Ɗaya daga cikin garuruwan da Shehu ya zauna shi ne Faru, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Maradun. A cikin waɗannan shekaru ne Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, wajen 1788, ya ba su kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji.

Akwai wani abu da ya auku a wannan zama na Zamfara wanda ya nuna irin gidan da Bello ya tashi a ciki. Wani malami mutumin Barno, Gwani Mustafa, ya soki Shehu a cikin baitoci saboda mata suna halartar wa'azinsa tare da maza. Ba a kore shi ba, ba a kuma yi watsi da sukar ba. Shehu ya umurci Malam Abdullahi ya amsa masa a rubuce, shi kuwa Abdullahi ya adana sukar da amsar duka biyu, ya sa su a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Yaron da ya girma a cikin jama'ar da ke amsa suka da alƙalami, ta kuma ajiye takardar mai sukar, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauki wannan hali.

SHEKARUN YAƘI

A watan Fabrairu na 1804 jama'a ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Bello yana da shekara 23, yana kuma cikin masu ɗaukar saƙo da masu jan runduna. An ci nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni, amma a ƙarshen shekarar aka yi mummunar hasara a Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, a cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Ga yunwa, ga cuta, ga rashin wurin zama. Sai jama'a ta gangara Zamfara a farkon 1805, ta sauka a Sabon Gari, domin Zamfarawa abokan gāban Gobir ne, sun kuma san Shehu tun dā.

Amma zumuncin bai daɗe ba. Runduna mai yunwa ta sauka a kan ƙasar manoma, aka shiga rumbunan mutane, aka ƙwace abin da bai halatta ba. Kafin shekara ta zagayo garuruwan Zamfara da yawa sun juya baya. Abin lura a nan shi ne yadda aka san wannan labari. Ba daga bakin maƙiyan jihadi masana suka fara samunsa ba. Bello da kansa ya rubuta shi a Infaƙul Maisuri, ya bayyana cewa zaluncin da waɗansu daga cikin mayaƙan jama'a suka yi yana cikin dalilan da suka sa Zamfarawa suka tayar. Yana cikin kwamandojin rundunar, shi ne ɗan shugabanta, da ya so da ya rufe maganar.

Daga Sabon Gari jama'a ta koma Gwandu bayan cin Birnin Kabi. A ranin da ya biyo baya Bello ya sake shiga Zamfara, ya sadu da shugabannin jama'ar gabas, na Katsina da Kano da Daura, a Birnin Gada, ya karanta musu saƙon Shehu, ya karɓi mubaya'arsu a madadinsa. A watan Oktoba na 1808 Alkalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato, a 1812 kuma Shehu ya raba aikin mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, Zamfara kuwa tana cikin rabonsa.

INFAƘUL MAISURI

A wannan shekara ta 1812, ƙurar yaƙi ba ta gama kwantawa ba, Bello ya kammala babban littafinsa, yana da shekara 31. Cikakken sunansa yana nuna cewa tarihin ƙasashen Takruru ne, watau ƙasashen baƙar fata Musulmi daga Darfur zuwa Futa.

Mai karatu zai zaci marubucin zai fara da mahaifinsa. Bai yi haka ba, da labarin ƙasa ya fara. Ya taso daga gabas, ya bi Darfur da Wadai da Bagarmi da Barno, ya hau Azbin, ya sauko ƙasashen Hausa, ya ambaci Nufe da Yarabawa da Gurma, ya wuce Sangai da Malle. A kowace ƙasa yakan faɗi yanayinta, koguna ne ko duwatsu ko rairayi, da abin da take nomawa ko haƙowa, da kabilun da ke zaune a cikinta, da abin da ake faɗi game da asalinsu, da matsayin Musulunci a wurinsu. Sa'an nan ya kawo malamanta da littattafan da suka wallafa. Ta haka aka adana labarin mutane irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina, da Shehu Ɗahiru ɗan Ibrahim na Barno, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu. Abin da jami'o'i suka rarraba yau zuwa sassa dabam dabam, labarin ƙasa da tarihi da nazarin al'umma da tarihin adabi, shi a cikin babi ɗaya yake haɗa su.

Ga malaman da suka riga shi da nisa ya dogara da rubuce-rubucen Ahmadu Baba na Tambutu. Inda babu littafi kuwa sai ya nemi mai labari, ya kuma faɗi sunansa. Da ya zo kan asalin sarautun Hausa bakwai, ya ce daga Sarkin Azbin Muhammadu Albaƙiri ya ji cewa sarakunan sun fito daga wani mai suna Bawo, bawan Sarkin Barno, ya kuma keɓe Gobirawa, waɗanda aka ce asalinsu daga Kibɗawan Masar ne. Wannan yana cikin mafi tsufan abin da aka samu a rubuce game da labarin Bawo. Masana na yanzu ba su ɗauki waɗannan labaru na asali a matsayin abin da ya faru ba, haka ma abin da ya kawo cewa Yarabawa zuriyar Kan'ana ne daga dangin Namarudu. Amma da yake ya faɗi wurin da ya ji, mai bincike yana iya auna maganar, ya tambayi kansa me ya sa Sarkin Azbin zai ba da labarin ta wannan fuska. Wanda ya ɓoye majiyarsa ya hana na baya wannan dama.

Bayan labarin ƙasashe sai ya kawo rayuwar Shehu. Ya siffanta yadda yake fitowa majalisi, da yadda yake gai da jama'a da sakin fuska, da haƙurinsa da masu tambaya, da jerin abubuwan da yake karantarwa. Sa'an nan ya bi yaƙe-yaƙen jihadi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu kuwa da shi aka yi.

Sashen da ya fi jan hankalin masana shi ne na wasiƙun Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu. Shi ne ya tsaya wa Barno lokacin da masu tutar jihadi suka auka mata. Ya rubuto Sakkwato yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka. Ya yarda akwai cin hanci da cin dukiyar marayu da yanka a wuraren tsafi, amma ya ce saɓo ba kafirci ba ne, ya ce ana samun irinsa a Masar da Sham, ba a kuwa taɓa kafirta su ba. Ya kuma zargi mayaƙan da wulakanta littattafai. Suka ce mai zafi, daga malamin da ya san abin da yake faɗi. Bello ya amsa masa da tsawo, ya kare matsayin jama'arsa, bai ja da baya ba. Duk da haka ya kwafe wasiƙun Elkanemi ya sa su a cikin littafinsa. Saboda haka hujja mafi ƙarfi da aka taɓa kawowa a kan jihadin Sakkwato, a cikin littafin ɗan Shehu ɗalibai suke karanta ta.

ABDUSSALAMI DA BAKURA

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Nan da nan ƙasa ta motsa. A Zamfara ta yamma an yi tawaye, cikin waɗanda suka tayar har da Banaga na Morai, garin da ke ƙasar Talata Mafara a yau. Mafi ciwo kuwa shi ne na Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu tun farko, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka jawo hijira. An zaunar da shi a Kware, kusa da Sakkwato, yana ganin rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Ya rubuta wa Bello yana ƙorafin rabon ƙasa, yana kuma zargin masu mulki da zalunci. Aka yi ta musayar takardu, sulhu bai yiwu ba, aka yi yaƙi. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya nufi Bakura, a can ya rasu.

Bello ya rubuta ɗan littafi a kan wannan al'amari mai suna Sardul Kalami. A nan ma ya bi hanyarsa: ya jero abin da ya faru, ya sa wasiƙun Abdussalami a ciki, har da zanen da ya yi na yadda aka raba ƙasa tsakanin manyan jama'a aka bar shi. Babu shakka littafin kare kai ne, wanda ya ci nasara ne ya rubuta shi. Amma duk mai son ya san ko akwai waɗanda suka ji an ware su bayan jihadi, da irin kukan da suka yi, daga wannan littafi zai fara. An fassara shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta buga a farkon shekarun 1930.

BAƘO DAGA INGILA

A watan Maris na 1824 wani hafsan jiragen ruwan Ingila, Kyaftin Klafatin, ya iso Sakkwato ta hanyar Barno da Kano da Zurmi, ya sauka a gidan Waziri Giɗaɗo. Ya zo ne ya yi tambaya game da Kwara, sai ya tarar shi ake yi wa tambaya. Sarkin Musulmi ya tambaye shi game da ɗarikun Kirista na dā, har baƙon ya amsa cewa saninsa bai kai nan ba. Ya duba na'urorin auna rana da taurari da ya zo da su, ya nuna ya san buruji da sunayen taurari da Larabci. Ya kuma ta da maganar yadda Ingilishi suka mallaki Indiya, abin da ya nuna yana bin labarin duniya, yana kuma lura da inda irin wannan ziyara take ƙarewa. Ya nemi a aiko masa da likita da wakili, ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu wasiƙa.

Klafatin ya koma da taswirar ƙasar da aka zana masa a Sakkwato, da wani yanki na Infaƙul Maisuri. An fassara yankin da Ingilishi, aka buga shi tare da taswirar a Landan a 1826. Ta haka littafin ya shiga hannun masanan Turai tun marubucinsa yana da rai. Daga wannan fassara ce Samuel Johnson ya ɗauko maganar Bello game da asalin Yarabawa, ya sa a cikin littafinsa na tarihin Yarabawa da aka buga a 1921.

Da Klafatin ya komo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo akwai littattafan Larabci, ciki har da na Iƙlidisu, masanin lissafin Yunanawa. Bello ya yi murna da shi ƙwarai, domin gidansu yana da kwafe ɗaya da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Wata rana baƙon ya shiga wurinsa ya same shi zaune yana karatun littafin, alhali kuwa a lokacin ana cikin rikici da Gobir da Barno. Wannan ziyara ba ta ƙare da daɗi ba, gama Bello ya hana shi wucewa Barno da kayan da ya ɗauko wa Elkanemi saboda yaƙin da ke tsakani. Klafatin ya kamu da ciwo, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

ILMI DON AIKI

Masana sun lissafa wa Bello littattafai fiye da 100, manya da ƙanana, da yawansu kuwa amsa ce ga wata matsala da ke gaban mai mulki. Ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya shimfiɗa ƙa'idodi bakwai na mulki. A ciki ya nuna cewa aikin sarki ne ya raya masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masu magani, ya rarraba su a garuruwa gwargwadon bukata, ya gina ganuwa, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. Ya rubuta wa Sarkin Bauchi Yakubu amsoshin tambayoyinsa. Ya rubuta wa Muhammadu Jailani, shugaban wata jama'a ta Azbinawa, game da amfanin zaunar da makiyaya a gari domin 'ya'yansu su sami karatu, shari'a kuma ta iya kai wa gare su.

Abin da ya rubuta shi ya yi ƙoƙarin aikatawa. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, irin su Wurno da Shinaka da Gandi, wadda ke kan hanyar Bakura, ya zaunar da Fulani makiyaya a cikinsu tare da manoma da masu sana'a, ya aika musu da malamai da alƙalai. Yadda za a zaunar da manomi da makiyayi a kwari ɗaya ba tare da jini ya zuba ba, ita ce matsalar da ta fi damun Zamfara a wannan zamani namu. Masu neman mafita za su ƙaru in sun san cewa an taɓa yin tunani mai zurfi a kanta a wannan ƙasa, a rubuce, ko da ba duk abin da ya dace da 1830 zai dace da yau ba.

Ya kuma ba ilmin magani muhimmanci. Yana da littafi a kan ciwon ido, da wani a kan basir, da wani a kan amfani da filasko wajen wanke ciki. Ba shi kaɗai ke wannan aiki ba. A Matuzgi, kusa da Talata Mafara, Malam Muhammadu Tukur, ɗaya daga cikin manyan sahabban Shehu, ya zauna yana karantarwa, yana rubutu a kan addu'o'i da magunguna. A ƙarshen rayuwarsa kuma Bello ya tattara labarin mata salihai na tarihin Musulunci a cikin littafin nasiha, ƙanwarsa Nana Asma'u ta mai da shi waƙa da Fulatanci da Hausa domin matan karkara.

RASUWARSA

Yaƙi bai bar shi ba har ƙarshe. A 1836 ya fita da kansa zuwa Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. A cikin waɗannan shekaru Alhaji Umaru Futi yana zaune a wurinsa, ya kuma auri 'yarsa, kafin ya koma yamma ya kafa tasa daula. Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, watau Rajab na 1253, yana da shekara 56. A can aka binne shi, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

ABIN DA MASANA SUKA YI DA GADONSA

Bincike a kan Bello ya bi matakai. Bajamushen nan Barth, wanda ya zo Wurno da Sakkwato a 1853, ya yi amfani da Infaƙul Maisuri a cikin labarin tafiyarsa. A 1922 Razdan Arnett ya buga fassararsa da Ingilishi a Kano, amma fassara ce ta gwargwado, ba ta bi matanin sawu da ƙafa ba, ta kuma daɗe tana ɓad da waɗanda ba su jin Larabci. A 1951 Whitting ya buga matanin Larabcin a Landan. Babban canji ya zo ne lokacin da Farfesa Abdullahi Smith, a Ibadan sa'an nan a Zariya, ya matsa wa ɗalibansa su koma ga takardun asali. Ɗaya daga cikinsu, Murray Last, ya zauna a Sakkwato yana karatu a ɗakin littattafan Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa a kan Daular Usmaniyya a 1967. A 1975 aka yi babban taron ƙara wa juna ilmi a Sakkwato a kan daular, Dokta Yusufu Bala Usman ya shirya takardunsa aka buga a 1979.

Waɗannan masana ba su tsaya ga yabo ba. Sun nuna cewa Bello ɗan cikin rigima ne, yana kallon ƙasashe da ma'aunin malamin fiƙihu mai neman hukuncin yaƙarsu ko barinsu, kuma muryar Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa kaɗan ce a cikin littafinsa. Don cike wannan giɓi aka shiga tattara labarun baka da jerin sarakuna. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara na Anka ya buga tarihin Zamfara a Balin a 1959. A 1977 Garba Nadama, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Sakkwato, ya sami digirin dokta a Zariya da bincikensa a kan tashin daular Zamfara da faɗuwarta. Wannan aiki bai rage darajar Bello ba, hasali ma hanyarsa aka bi aka auna shi, tun da shi ma ya sa maganar ɓangare biyu a takarda ɗaya.

Sauran aiki yana da yawa. Littattafansa masu yawa har yanzu rubutun hannu ne, suna ajiye a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da kuma gafakan malamai a gidajensu. Waɗanda ke gidaje su ne abin tsoro, gama gara da ɗigon daki da gobara ba su san darajar takarda ba, ga kuma rashin zaman lafiya da ya tilasta wa ƙauyuka da yawa na Zamfara ƙaura. Tsofaffin da suka riƙe labarin Faru da Morai da Matuzgi suna ƙarewa. Ɗaliban tarihi da yawa ba su jin Larabci, masu jin Larabci kuma ba a faye koya musu hanyoyin bincike ba, sai kowa ya riƙe rabin mabuɗi.

Zamfara ta zama jiha tun 1996, tana kuma da manyan makarantu a Talata Mafara, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kai ba ya bukatar tafiya nesa, garuruwan da aka ambata a sama duk suna kewaye da shi. Ma'aikacin da ke rubuta rahoto a ofis shi ma yana da darasi a nan: ya faɗi inda ya samo maganarsa, ya sa ƙorafin mai ƙorafi a cikin fayil yadda ya zo, in kuma kuskuren daga ɓangarensa yake, ya rubuta shi. Mutumin da ke da runduna da tuta ya yi haka a 1812, ba wanda ya tilasta masa.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya gafarta masa, Ya ba na baya ikon adana abin da ya bari da yin aiki da shi, amin.